Ƙaramin kare mai dogon gashi a ƙauye: wane aski ya dace, yaya kuma ake kula da gashin?

Tambayar ta zo ne daga wani matashi da ke kula da gidan gonar yayansa a wani ƙauye tsakanin Kazaure da Roni. Yayan ya kawo wata 'yar ƙaramar karya fara mai dogon gashi daga Abuja, aka ce masa irin karen da ake kira Lasa ce, ya ajiye ta kusa da ɗakin kaji don ta riƙa haushi in ta ji motsi da dare. Wata huɗu ke nan. Gashin ya dunƙule, ƙarangiya ta cika shi, idanunta ma ba a gani, ga bazara ta kunno kai. Abokansa sun ce ya sa reza ya yi mata ƙwal kwabo ta sha iska, yayan kuma ya turo hoto a waya yana so a bar mata gashi har ƙasa kamar yadda ya gani. Yana tambaya wanne zai bi, kuma da me zai yi mata wanka.

Ƙanena, sannu da ƙoƙari, kuma Allah ya saka maka da ka tsaya tambaya kafin ka ɗauki reza. Ni aikina duba dabbobi ne, yawanci shanu da awaki da kaji, amma 'yan shekarun nan irin waɗannan ƙananan karnuka sun fara shigowa ƙauyukanmu ta hannun 'yan'uwa da ke aiki a birni, kuma kusan duk wanda aka kawo mini, matsalarsa daga gashi ta faro. Amsata ita ce kada ka bi abokanka, kada kuma ka bi hoton. Ka yi mata saisaye, ka bar gashi kamar tsawon gaɓar yatsa ɗaya a duk jiki, sannan ka riƙe shi da mataji. Askin da ya dace da kare shi ne wanda mai shi zai iya tajewa a inda yake zaune, da lokacin da yake da shi. Kai kana da kaji da za ka ciyar, kana da ban ruwa, kuma karyar tana yawo a cikin yashi da ciyawa. Karen da ke hoton a kan tayil yake kwana.

Amma kafin almakashi ya taɓa ta, ka tabbatar da irin gashin da take da shi, domin masu sayar da karnuka a birni duk ƙaramin kare mai gashi Lasa suke ce masa. Ka tsaga gashin bayanta da yatsu ka duba. Idan gashin yana kwanciya ne yana zubowa gefe da gefe kamar na mutum, da tsaga a tsakiyar baya, kunnuwa a zube, to cikin dangin Lasa Afso ko Shi Zu ko Maltis take. Waɗannan gashinsu ba ya tsayawa da tsawo da wuri, in an rage shi yana dawowa daidai, don haka aski ba ya cutar da su. Idan kuwa gashin a tsaye yake ya yi bukuku, kunnuwa ƙanana a miƙe, baki tsini kamar na yanyawa, kuma a ƙarƙashin dogon gashin ka ga wani gajere mai laushi cunkus kamar auduga, to Fomeraniya ce ko wanda ake kira Eskimo. Irin wannan ba a yi masa kilifa. Na ga wanda aka kwashe wa gashi, shekara ta zagayo bayansa na nan faci-faci, na ƙarƙashin ya fito, na saman ya ƙi, fatar ta yi baƙi. Shi dai a bar kaza cikin gashinta: a taje, a fitar da mataccen gashin ƙarƙashi, a daidaita bakin da almakashi kawai. Yadda ka kwatanta taka, gashi ya rufe ido kuma ya dunƙule, na fi zaton Lasa ce ta gaskiya ko gaurayenta, kuma a kan haka zan ci gaba.

Sunan Lasa daga birnin Lasa na yankin Tibet a ƙasar Sin ya samo asali, gari ne da ke kan tsauni sama da mita 3,600, inda sanyi ke da tsanani. A can aikin wannan kare shi ne zama a cikin gida ya yi haushi in baƙo ya matso, saboda haka yayanka bai yi kuskuren aikin da ya ba ta ba, tana da kunne kuma ba ta saurin yarda da baƙo. Sai dai rigar da ta zo da ita ta ƙasar ƙanƙara ce, mu kuma a watan Afrilu zafi yana haura digiri 40. Shi ya sa rage gashin ya zama dole. To me ya hana a kwashe gaba ɗaya? Mutum in ya cire riga yana jin sanyi ne saboda gumi yana bushewa a fatarsa. Kare ba ya gumi a jiki irin namu, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafi. Idan ka yi mata ƙwal kwabo ba ka buɗe mata wata hanyar shan iska ba, ka dai cire inuwar da ke tsakanin fatarta da rana. Farin kare kuma fatarsa ja ce mai taushi, ta fi ta mutum sirantaka nesa ba kusa ba, rana ɗaya ta bazara ta isa ta ƙone ta ta yi ɓawo. Ga sauro, ga ƙuda, ga yashi mai zafi da za ta kwanta a kai. Reza kuwa ko a hannun gwani, fatar kare tana naɗewa a hammata da cinya da gindin kunne, yanka ba ya wuya.

Askin da ake yi wa irin waɗannan karnuka suna da yawa, amma uku ko huɗu ne za ka riƙa gani. Na hoton yayanka shi ne na masu kai kare gasa: gashi har ƙasa, tsaga a baya, tukku a ka. Yana da kyau, ba na musu. Amma mai irin wannan kare kullum sai ya zauna ya taje shi tun daga fata, kusan duk mako wanka, kuma karen ba ya taka ciyawa. A gidan gona kwana uku ba zai kai ba. Akwai askin zaki, a rage jiki sosai a bar geza a wuya da kai, da tuntu a ƙarshen wutsiya. Yara suna sonsa, ni ba na ba da shawararsa a nan, domin ya bar gashi a daidai inda ya fi dunƙulewa kuma inda kaska ta fi ɓuya, wato wuya da bayan kunne, ya kuma tone bayan da rana ke duka. Akwai wanda ake zagaye fuska a mayar da ita kamar ta 'yar tsana, jiki matsakaici, ƙafafu a bar su da ɗan kauri. Wannan sai hannu ya faɗa, kuma gashin ƙafar da aka bari shi ne tsintsiyar da ke share ƙarangiya.

Wanda nake so ka yi shi ne wanda masu gyaran karnuka ke kira askin ɗan kwikwiyo, mu kuma saisaye ne kawai: tsawo ɗaya a baya da ciki da ƙafafu, fuska a buɗe, kunne a rage shi daidai bakin fatarsa da ɗan rara, wutsiya a bar mata ɗan gashi. A bazara da damina ka bar kamar santimita 1 da rabi. Idan hunturu ya shigo ka ƙyale shi ya kai 2 da rabi ko 3, domin ƙaramin kare yana jin sanyin asuba fiye da yadda ake zato. In da kilifa za ka yi, robobin nan masu lamba da ake maƙala wa bakinta su ne ma'auninka: lamba 4 tana barin milimita 13, lamba 8 tana barin milimita 25. Duk mako shida zuwa takwas sai a sake. Ka sayi kilifarka ta caji, ana samu a kasuwar Sabon Gari a Kano, ka keɓe ta ga karyar ita kaɗai. Kada ka ari ta mai askin garinku. Ban da cewa mutane ba za su ji daɗi ba, makero yana tashi daga kare zuwa kan yaro ta bakin kilifa, kuma daga yaro zuwa kare. Kilifar mutane tana wahala a gashin kare, tana saurin zafi, don haka duk bayan 'yan mintuna ka ɗora bakinta a bayan hannunka. In ta ƙona ka, ta riga ta ƙona karyar. Ka kashe, ka sa mai, ka jira. Ka bi kwanciyar gashi, daga wuya zuwa wutsiya, daga baya zuwa ciki. In babu kilifa, mataji da almakashi sun isa: ka ɗaga gashi da mataji, ka yanke abin da ya fito a samansa, kamar yadda tsofaffin masu aski ke yi. Ba zai yi sumul ba a karon farko, amma karyar ba ta damu da wannan ba.

Wannan duka ga gashin da yake a warware ne. Naka yanzu a dunƙule yake, kuma a nan ne mutane suka fi yin ɓarna, don haka bari in ɗan daɗe.

Kada ka jiƙa ta. Kowa in ya ga kare ya yi datti wanka yake fara tunani, amma dunƙulallen gashi in ya sha ruwa ya bushe ƙara ɗaurewa yake, kamar igiyar rama. Sai an warware ko an cire kafin ruwa. Ka sa yatsa ka lalubi kowane dunƙule. Wanda yake a ƙarshen gashi, da sarari tsakaninsa da fata, ana iya cetonsa: ka barbaɗa masa ɗan garin sitaci ko lallausan garin masara, ka murza, ka riƙe gindin gashin da yatsu biyu don kada ka ja fata, ka riƙa tsefewa daga baki kana shiga ciki da haƙorin mataji na ƙarshe, kamar yadda mata ke tsefe tsohon kitso. Wanda kuwa ya manne da fata ya zama kamar tabarma, kada ka wahalar da ita. Cirewa za a yi. Abin da ya kamata ka sani shi ne dunƙulen yana jan fata ya shigar da ita cikinsa, abin da kake gani kamar gashi zalla, a tsakiyarsa akwai nama. Na ɗinke kunnuwa da hammata da yawa da almakashi ya raba saboda haka. In za ka yanka, sai ka fara zura mataji tsakanin fata da dunƙulen, ka ga haƙoransa sun fito ta ɗaya gefen, sannan ka yanka a saman matajin. In mataji ya ƙi shiga, kilifa ba tare da roba ba ita ce za ta bi ta ƙarƙashi a hankali, fatar a miƙe da ɗaya hannun. Wannan ne kaɗai lokacin da na yarda a yi ƙasa sosai, kuma bayansa sai ta yi mako biyu zuwa uku a inuwa har gashi ya rufe. Kunnen da aka cire wa babban dunƙule yakan yi ƙaiƙayi in jini ya dawo masa, karen ya yi ta kaɗa kai har kunnen ya kumbura da jini. In ka ga haka, likita za ka nema, kada ka huda.

Ba dole ka gama rana ɗaya ba. Minti goma sha biyar da safe, goma sha biyar da yamma, a yi kwana huɗu ana yi, ya fi a danne ta awa biyu ta tsani mataji har abada.

Akwai wata karya da aka taɓa kawo mini a kwali a bayan babur, daga wani ƙauye, aka ce mota ce ta taka mata ƙafa, kwana biyar ba ta sa ta a ƙasa. Na lalluba ƙashi, lafiya lau. Da na fara rage gashin ƙafar sai wari ya taso. Ƙarangiya ce guda uku suka shige tsakanin yatsu, gashi ya naɗe su, laka ta bushe a kai ta zama kamar dutse, wani zaren gashi kuma ya zagaye yatsa ɗaya ya shaƙe shi har ya nutse cikin nama. Farcen nan na gefe da ba ya taɓa ƙasa ya yi tsawo ya lanƙwashe ya koma cikin fata, duk gashi ya rufe ba wanda ya gani. Yaron da ya kawo ta, da ya ga abin da ke ciki, sai da ya yi ƙwalla, domin yana sonta, kullum shi ke ba ta abinci. Muka wanke, muka yanke farcen, muka sa magani. Kwana uku ta fara takawa. Tun daga ranar duk karen da aka kawo mini, ƙafa nake fara buɗewa.

Bayan an yi askin, abin da zai riƙe shi mataji ne. Ka nemi na ƙarfe mai haƙora masu faɗi a gefe ɗaya, matsattsu a ɗaya gefen. Buroshi yana da amfani, amma yana yaudara: saman ya yi kyau, ƙarƙashi na dunƙulewa. Ka kwantar da ita a gefe, ka ɗaga gashi da tafin hannu har ka ga layin fata, ka taje abin da ke ƙasan layin, ka matsa sama kaɗan, ka sake. In mataji ya wuce daga fata zuwa baki bai tsaya ba, wurin ya yi. Wuraren da ke fara dunƙulewa su ne inda ake gogayya: bayan kunne, ƙarƙashin abin wuya, hammata, tsakanin cinyoyi, gindin wutsiya. Da gajeren aski, sau uku a mako ya isa, kuma ba zai ci maka minti goma ba. A hunturu gashi yana bushewa yana karyewa, sai ka ɗan yayyafa ruwa da hannu kafin ka taje, ya yi laima kawai. Idan karyar ba ta kai shekara ba, ka sa ido sosai wajen wata tara zuwa shekara ɗaya, lokacin da gashin ƙuruciya ke zubewa na girma na fitowa. A wannan tsakanin dare ɗaya ya isa ya dunƙule.

Ƙarangiya ita ce babbar abokiyar gabar wannan kare a ƙasarmu, daga ƙarshen damina har cikin rani, sai tsidau da kashin yawo. Duk yammar da ta shiga ciyawa, ka duba ta kafin ta kwanta, domin in ta kwana a kai ta yi birgima, gobe aiki ya ninka. Ka ɗiga man gyaɗa kaɗan a kan ƙarangiyar, ka murza, ka zare gashin daga jikinta zare-zare maimakon ka fizge ta daga gashin. Ka kuma nome kewayen inda take kwana.

Fuska sai da natsuwa, kada garin neman gira a rasa ido. Irin waɗannan karnuka idonsu a waje yake, musamman Shi Zu, gashin kan hanci yana tsokanarsa har ya yi gyambo. Ka sa wani ya riƙe ta, kai ka kama gashin haɓarta a hankali don kai ya tsaya, ka taje gashin goshi gaba, ka yanke da almakashi mai dunƙulallen baki, tsininsa yana kallon nesa da ido, ba ya taɓa kallonsa. In ta motsa, ka tsaya. Idan yayanka yana son tukku, ana iya barin gashin ka a ɗaure shi, amma a sassauta, kada ya ja fatar ido, kuma a kwance kullum a taje. Robar ɗaure kuɗi ba ta dace ba, tana cin gashi, in kuma ta kama bakin kunne ba a lura ba tana iya kashe shi. Jan tabon da za ka gani a ƙarƙashin idon farin kare hawaye ne ke rina gashin. Tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi kowace safiya, a goge a busar. In hawayen ya zama ruwan ɗorawa ko kore, ko tana runtse ido ɗaya, wannan ciwo ne, ba aikin tsumma ba.

Kunne kuma mako-mako ka ɗaga ka shinshina. Lafiyayyen kunne ba ya wari. Ka goge inda idonka ke gani kawai, kada ka zura tsinke. Tafin ƙafa, ka rage gashin da ke tsakanin tsokokin da take takawa a kansu ya yi daidai da su. Farce duk wata, kaɗan-kaɗan daga baki, domin akwai jijiyar jini a ciki, a farin farce za ka hango ta ja. Sai ƙarƙashin wutsiya da gaban ciki, wanda mutane ke ƙyama su tsallake, alhali nan ne ya fi haɗari. Gashin wurin in ya yi tsawo kashi yana maƙalewa, ƙuda ya yi ƙwai, cikin kwana ɗaya ko biyu tsutsa ta fara cin nama, kai kuma kusa da ɗakin kaji kake inda ƙuda ba ya yankewa. Ka riƙe wurin gajere koyaushe, ko da sauran jiki bai isa aski ba.

Wanka sau ɗaya a mako uku ko huɗu ya wadatar, sai in ta shiga wani abu. Ka nemi shamfu na karnuka a shagon maganin dabbobi, in bai samu ba na jarirai zai riƙe ka na ɗan lokaci. Omo da sabulun wanki suna kwashe maiƙon fata, ta bushe ta yi ƙaiƙayi, ta yi ta susa har ta ji wa kanta. Izal da Dettol kuwa kada su kusance ta, tana lashewa, kuma guba ne. Ka tsarma shamfun a kofi kafin ka zuba, ka bi kwanciyar gashi da yatsu ba tare da cuɗawa kamar wanki ba, ka kare ido da ramin kunne. Ɗauraya ta fi sabulu muhimmanci, ka yi ta zuba ruwa har ka ji gashin ya daina santsi. Ka matse da tawul, ka taje tana bushewa a inuwa mai iska. A hunturu da hantsi ake yi, da ruwan ɗumi. A damina ka tabbata ta bushe har fata, domin laimar da ta kwana a ƙarƙashin gashi ita ke zama jan gyambo mai ruwa da ke faɗaɗa cikin yini ɗaya. Kuma kada ka sake ta da jiƙaƙƙen jiki, kai tsaye turɓaya za ta nufa.

Duk lokacin da kake tajewa, yatsunka su riƙa neman kaska: cikin kunne, tsakanin yatsu, wuya, gefen ido. Dogon gashi yana ɓoye ta har ta ƙoshi ta zama kamar ƙwayar wake. Ka kama ta daf da fata, ka ja a miƙe ba murɗawa, ka jefa a gwangwanin da ke da ɗan kalanzir. Amfanin kalanzir ke nan, a gwangwani, ba a jikin kare ba. Baƙin mai, fetur, fiya-fiya, duk na ga an shafa, na kuma ga yadda ake ƙarewa: fata ta saɓule, ko kare ya kama dalala da karkarwa ya mutu kafin a iso da shi. Haka maganin feshin shanu da allurar ibamektin ta shanu. Karyarka da wuya ta wuce kilo 6 ko 7, abin da ake auna wa saniya da ido, ɗigo kaɗan ya wuce ƙarfinta. Akwai magungunan da aka yi don karnuka bisa nauyinsu, irin su Frontline da ake ɗigawa a ƙeya, NexGard da ake ba su su tauna duk wata, da Bravecto mai kai mako 12. Suna da tsada, amma ka gaya wa yayanka, wannan ya fi masa amfani a kan hoton. Ka auna ta a sikelin kaji kafin a saya. Kaskar kare kuma a tsagar bango take zama, mace ɗaya tana zuba ƙwai dubbai, don haka in ba a yaɓe tsagogin inda take kwana an share an ƙone shara ba, za ka yi ta cirewa tana dawowa. Ka riƙa ɗaga leɓenta kana duba dasashi. Ja-ja ya kamata ya kasance. In ya yi fari, ko fitsarinta ya yi duhu kamar shayi, ko ta ƙi abinci jikinta da zafi, ciwon kaska ya shiga jini, kuma ba ya jira.

Da damina akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a yashin inuwa inda fitsari ya taɓa. Kare ya kwanta, tsutsar ta huda fata ta zauna, sai ka ji ƙurji mai ƙaramin rami a tsakiya, yawanci a ciki ko ƙafa. Ka rage gashin wurin, ka toshe ramin da basilin, tsutsar za ta leƙo neman iska, sai ka matsa gefe a hankali ta fito ɗungurungum, kada ta fashe a ciki. Maganinsa na asali shi ne ta daina kwana a ƙasa. Ɗan katako ko benci da buhu mai tsabta a kai ya isa.

Gashi daga ciki yake fitowa. Karyar da ba ta cin komai sai ƙanzo da ragowar tuwo, gashinta zai yi kaushi ya riƙa karyewa ko da wane shamfu ka saya. Kana gidan kaji, dafaffen ƙwai ɗaya sau biyu ko uku a mako ba zai gagara ba, da ɗan kifi da aka cire wa ƙaya ko nama. Miyar da ta sha albasa da tafarnuwa kada a ba ta, albasa tana fasa ƙwayoyin jinin kare, ƙaramin kare kuma kaɗan ya ishe shi. Maganin tsutsar ciki duk wata uku. Ruwan sha mai sanyi a inuwa koyaushe, a kaskon da ba ya kifewa. In wata rana a bazara ka ga tana haki ba ƙaƙƙautawa, harshe ya yi ja sosai, tana tangaɗi, ka kai ta inuwa ka riƙa kwara mata ruwan randa a ciki da cinyoyi kana fifita, sannan a nemi likita.

Abu ɗaya da za ka yi tun kafin ka fara duk wannan: ka tambayi yayanka ko an yi mata allurar haukan kare, kuma yaushe. Ana fara ta daga wata uku da haihuwa, ana sabuntawa duk shekara. Hannunka zai riƙa zama kusa da bakinta, ita kuma tana haɗuwa da karnukan gari. In babu kati, ka kai ta ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukuma a yi mata, ka roƙi ma'aikacin ya duba fatar da ke ƙarƙashin manyan dunƙulen tun da kun je. Ranar farko a gida kuma kada ka yanka komai. Ka ɗora ta a benci da buhu a ƙarƙashinta don kada ta zame, ka bar ta ta shinshina matajin, ka kunna kilifar a gefe ta saba da ƙarar, ka taɓa ƙafafunta da kunnuwanta ɗaya bayan ɗaya, ka ba ta ɗan tsoka, ka sauke ta. Washegari ka fara da ƙarƙashin wutsiya da tafin ƙafa, sai idanu, jiki ya biyo baya.